Jan Ɗigo a Wayar Mai Tattabaru

Ba sace ta aka yi ba! Don Allah ku daina yaɗa wannan maganar, babu wata farar mota, babu wasu mutane masu rufe fuska. Tun jiya wayata ba ta huta ba, wannan ta kira, waccan ta kira, ni kuma ga jinjiri a cinya, da hannu ɗaya nake rubutun nan, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Ku dai zauna ku sha labarin daga tushe, yadda Yaya ta ba ni shi da bakinta tana yi tana kuka tana dariya.

Ga wadda ba ta san gidan ba, Yaya ita ce babbar yayata, mai ɗinkin nan da kekenta yake bakin taga. Mijinta kuwa kowa Mai Tattabaru yake ce masa, ko sunansa na gaskiya ka kira ba lalle ya waiwayo ba. 'Yarsu ɗaya tal, shekararta uku da 'yan watanni, ana ce mata Barkono, don ga ta 'yar firit amma in ta shiga idonka sai ka yi hawaye.

Wasan Barkono a duniya guda ɗaya ne, ɓuya. Ubanta ya koya mata, ya kuma kafa mata doka: in kin ɓuya ba motsi, ba tari, ko wa ya kira kada ki amsa, sai kin ji an ce, "Na gaji, Barkono ta ci!" Yarinyar nan ta riƙe dokar kamar karatu. An taɓa nemanta awa biyu cur, ashe tana cikin kwandon wanki, tana jin uwarta na kuka amma ta yi gum, wai ba a ce ta ci ba.

Daga ranar ne ya kawo 'yan na'urorin nan. Shi ai tun da kamfanin sabulu ya rage ma'aikata ya koma gyaran waya, yana da ɗan tebur da lema a bakin kasuwa, kuma hannunsa ba ya ganin mataccen abu ya ƙyale. Ya tsinto wasu abubuwa guda biyu a kayan gwanjo, baƙaƙe, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba, sun mutu murus. Sati ya yi yana tsokanarsu har suka tashi. In ka maƙala wa abu ɗaya, duk inda abin ya je za ka gan shi a waya, ɗan ɗigo yana tafiya a kan taswira. Da yake kamarsu ɗaya sak, sai ya naɗa wa ɗaya jan salatif, ɗayan shuɗi, ya saita launin ɗigon kowanne daidai da salatif ɗinsa. Jan na Barkono ne, a ɗan aljihu cikin ƙugun siket ɗinta. Shuɗin na Janar ne, babban namijin tattabararsa, yana ɗaura masa a baya kamar ɗan makaranta da jaka.

Yaya ta ce, "Wato 'yata da tsuntsu ka haɗa a waya ɗaya?"

Ya ce, "Maman Barkono, ke dai ba ki san zamani ba."

"Zamanin ya sayo mana man girki mana, tunda ya iya komai. Jiya na je kasuwa da kuɗin cika jaka, abin da na dawo da shi a tafin hannu na riƙo. Kai kuma kana ciyar da ƙatti talatin masu fukafukai, ba ƙwai ba nama, sai kashi a kan shanyata."

"Janar ba ya yin kashi a kan shanya. Yana da tarbiyya."

Haka suke kullum. Amma aljihun dai ita ta ɗinka shi, a kowane siket.

To rayuwa ta ƙara tsada, mai gida ya ƙara kuɗin haya, suka ga ɗaki biyu ya fi ƙarfinsu, za su koma ɗaki ɗaya a can bayan gidan. Komai zai shiga ban da durowar Yaya. Kun san ta, durowar kaya mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, wadda ta shigo gidan da ita tun tana amarya. Yaya takan yi alfahari da ita, ta ce katako ne na gaske, ƙofofin in sun rufu ko kyankyaso ba ya samun hanya. Mijin ya yi magana da wani mai gwanjo da ya kawo masa gyaran waya, suka shirya zai zo ya ɗauka jiya da hantsi.

Jiya da sassafe na'urorin biyu suna caji a kan durowar, don a nan soket yake. Yaya ta zo kwashe kayan kai, ta ga salatif ɗin duk sun yi baƙi da dauɗa, sun fara saki. Wanda ya san Yaya ya san ba ta iya ganin datti ta wuce, ko a gidan mutane ne sai ta goge. Ta ɓamɓare su duka biyun, ta goge na'urorin da tsumma har suna ƙyalli, ta ɗauko sabon salatif a akwatin mijin, ta naɗa ja a nan, shuɗi a can. Ta ji daɗin aikinta, ba ta ma ga abin faɗa a ciki ba. Ta sa mai jan a siket ɗin Barkono. Shi kuma ya zo ya ɗauki mai shuɗin ya ɗaura wa Janar, ya sa shi a kwali mai huji, ya ce zai ba wani direba abokinsa ya sake shi can nesa da gari, a ga minti nawa zai yi ya dawo. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi aiki.

Wajen ƙarfe goma mai gwanjo ya iso da akori-kura da ƙarti biyu. Da ƙyar da nishi aka fito da durowar aka tsayar a ƙofar gida. Ƙartin suka tafi neman igiya, shi kuma ya tsaya yana ƙorafi wai madubin ya fara tsatsa ta gefe. Yaya ta miƙa masa makulli ta ce, "Malam, in za ku ɗora ku kulle ƙofofin da kyau, kada su buɗe a hanya madubin ya fashe." Ta juya ta shige ciki, don ba ta son a ga idonta. Barkono na tsakar gida a lokacin, tana jan takalmin ubanta da zare wai mota ce.

Yaya ta kama sharar inda durowar ta tashi. Shekara shida na ƙura, ga ɗan kunnen da ta yi ta zargin maƙwabta a kansa, ga cokali biyu, ga hoton da ta manta da shi. Ta ji tashin motar, ta share hawaye ta ci gaba. Ta wanke bango, ta goge ƙasa, ta ɗaure kaya a zannuwa. Sai da ta yi kusan awa guda tukuna shirun gidan ya taɓa ta.

Uwa ta san irin wannan shirun.

"Barkono?"

Ta leƙa tsakar gida, ga takalmin da zarensa, ba yarinya. Ta yi tsaki, ta duba kwandon wanki, ta duba ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, cikin buhun ƙyallaye. Sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ɗaga murya kamar mai wasa, "To shi ke nan, na gaji, Barkono ta ci!"

Shiru.

Ta fita tsakar gida ta sake faɗa. Ta hau bene wajen akurkin tattabaru ta faɗa. A karo na huɗu muryar ba tata ba ce. Yarinyar nan ba ta taɓa jin an ce ta ci ta kasa fitowa da gudu tana tsalle ba, ko sau ɗaya. Yaya ta juya da sauri. Ta buɗe tankin ruwa da ido a rufe, sai da ta yi ta maza sannan ta duba. Ba kowa.

Kafin ka ce me maƙwabta sun cika gidan. Wata ta ce ta ga yarinyar a ƙofa ɗazu. Wata ta ce ita kam ta ga wata farar mota ta tsaya a kwana ba ta san ta ba. Ai daga nan farar motar nan ta samo asali, kuma a kan titi ina ne ba farar mota? Amma Yaya na jin haka ta fita a guje, takalmi ƙafa ɗaya, ko waya ba ta ɗauka ba.

Ta same shi a ƙarƙashin lemarsa, ya sa gilashi a ido ɗaya yana narka dalma a cikin wata waya, teburin cike da matattun batura da 'yan kusoshi a murfin kwalba. Ta dafa teburin, kusoshin suka watse.

"Baban Barkono, buɗe wayar! Buɗe ɗigon!"

Bai tambaye ta komai ba, fuskarta ta gaya masa. Ya zaro wayarsa. Kun san mai gyaran waya, tasa ce ta fi ta kowa lalacewa, gilashin a tsage, batirin ba ya kai azahar. Taswira ta yi ta juyawa kamar ba za ta buɗe ba. Da ta buɗe, jan ɗigon ba ya unguwar, ba ya ma cikin garin. Yana can kan babbar hanya, ya wuce gidan mai na ƙarshe, yana tafiya da saurin da ƙafa ba ta yi.

Yaya ta ce, "Innalillahi. Mota ce. A mota take."

Ya tsura wa wayar ido, ya ce a hankali, "Me kuma Janar yake yi a tsakiyar gari?" Don shuɗin ɗigon na can cikin gari a tsaye.

"Janar? An tafi da 'yarka kana mini maganar tsuntsu? Kashe shi! Kashe mini shi kada in sake ganinsa!"

Kunya ta kama shi, ya danna, shuɗin ya ɓace. Ya bar teburin a buɗe da wayoyin mutane a kai, ya tada babur, ta haye baya ta riƙe wayar a saitin kafaɗarsa.

Za ku ce ai ya kamata ya tuna cewa shi da hannunsa ya sa tsuntsu a mota da safe. Haka ni ma na ce. Amma tsoro ba ya barin mutum ya haɗa biyu da biyu, kuma ja ai na Barkono ne, wata uku yana kallonsa yana yawo tsakanin ɗaki da tsakar gida.

Suka kutsa cikin cunkoso, yana bi ta tsakanin motoci ana zaginsa bai ji ba. Suka fita gari. Rana ta take, kwalta na tururi. Yaya ba ta ganin komai sai ɗigon. Tana tuna yadda Barkono ke amai in ta daɗe a mota. Tana tuna ba ta ci komai ba tun safe sai rabin burodi. Wa yake riƙe da ita? Ya toshe mata baki ne? Ko ita ce ta yi shiru da kanta, tana zaton wasa ne? Wannan tunanin ya fi kowanne yanka ta.

"Ƙara wuta!"

"Iyakarsa ke nan, Maman Barkono, in na ƙara zai watse."

Babur ya fara tari, mai ya kusa ƙarewa, don tun da mai ya yi tsada rabin kwalba yake zubawa. Suka tsaya wurin mai sayar da mai a galan, mutumin yana zubawa a hankali ta mazurari kamar mai auna magani, Yaya ta ji kamar ta fizge galan ɗin. Ta duba waya. Batir ya koma ja.

Sun yi nisa sosai, gidaje sun ƙare sai gonaki, sai ta buga masa baya.

"Sun tsaya! Ɗigon ya tsaya!"

"A ina?"

"Gaba da gada. Yi sauri kafin su tashi!"

Amma tsayawar ma ba ta yi mata daɗi ba. Me ya sa za su tsaya a inda ba gida ba gari? Me za su yi mata a nan? Ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan.

Sai ɗigon ya motsa. Bai yi gaba ba, bai yi baya ba. Ya zagaya. Ya sake zagayawa, da'ira babba. Ya yi ta uku. Sannan ya bar titin gaba ɗaya ya yanki gonaki.

Yaya ta ƙwalla ƙara. "Sun shiga daji da ita! Wayyo, sun shiga daji!"

Ya taka burki a gefen hanya, ya karɓi wayar. Ta ce me ka tsaya yi? Ya kare gilashin da tafin hannu yana kallo. Ɗigon na tafiya a miƙe kamar an ja layi da zare, ba kwana, ba kaucewa. Ya iso kogi inda babu gada, bai ko rage gudu ba, ya haye.

Ya ce, "Babu motar da take tafiya haka."

"To babur ne!"

"Babur ba ya taka ruwa. Kuma zagaye uku..." Ya ɗago ya kalle ta. "Maman Barkono, wurinmu yake tahowa."

Gaskiya ne, ɗigon ya nufo su gadan-gadan. Yaya ta diro daga babur tana waige-waige. Gona ce fetal hagu da dama, ba mutum, ba dabba, ko kare babu. Ɗigon ya matso, ya matso, har ya hau kan inda suke tsaye. Ta yi ta juyi a tsakiyar titi tana kiran sunan 'yarta, tana faɗa wa gonaki cewa ta gaji, Barkono ta ci.

Shi kuwa sama ya ɗaga kai.

Ta bi idonsa. Tattabara ɗaya tilo, can sama, tana kaɗa fukafukai ba ji ba gani, ta wuce ta kansu ta nufi gari. Da ɗan ƙullin baƙi a bayanta.

"Janar ne," in ji shi. "In aka sake shi sai ya zagaya sau uku kafin ya kama hanya. Janar muke bi tun ɗazu. Amma ta yaya? Da hannuna na ɗaura masa shuɗi."

Nan Yaya ta zauna daɓas a kan tsakuwa. A zuciyarta ta ga tsumman, ta ga na'urori biyu baƙaƙe tsirara a tafin hannunta suna ƙyalli, ba wanda za ka ce wannan ne na wane.

"Ni ce. Salatif ɗin ya yi datti, na canza da safe."

Ta jira ya yi mata ihu, ta ma so ya yi. Bai yi ba. Sai da ya danna sau uku sannan shuɗin ɗigon ya dawo. Yana nan inda ya gan shi tun farko, bai gusa ba. Ya buɗa taswirar.

"Kasuwar gwanjo. Layin 'yan katako. Me zai kai ta..."

Wayar ta yi ɗan kuka ta mutu.

Yaya ba ta buƙatar waya kuma. A ranta ta ga durowar a tsaye a ƙofar gida ba kowa kusa, ƙarti sun tafi neman igiya, mai gwanjo ya juya baya. Ta ga ƙofar gefe a buɗe, wurin ɓuya mafi kyau da Barkono ta taɓa samu. Ta ji muryar kanta tana cewa ku kulle da kyau.

"Tana cikin durowa. Baban Barkono, a kulle take. Ni na ce su kulle."

Ya kalli rana. Ita ma ta kalla. Tana tsakiyar kai.

"Mu ari wayar wani mu kira mai gwanjon!"

"Wayarsa na cikin akwatina. Yau na ce masa zan gama gyaranta."

Komawar nan Yaya ta ce ba ta san yadda aka yi ta ba. Ɗazu tana tsoron mutanen da ba ta sani ba, yanzu tana tsoron abin da ta sani ciki da waje. Ta san faɗin wurin, taku biyu ne na yaro. Ta san warin kafur ɗin da ta zuba shekara da shekaru. Ta san ƙofar da ko kyankyaso ba ya samun hanya, bakinta ne ya sha faɗa. Awa nawa ke nan? Tun ƙarfe goma da rabi. Ta ƙi lissafawa, lissafin ya yi kansa. Ta kifa goshi a bayan mijinta, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ta ji shi ma bakinsa na motsi.

Layin 'yan katako wata doguwar rumfa ce ta kwano, zafi a ciki kamar tanda. Gadaje a jingine, kujeru a kife kan juna, durowoyi kuwa sun fi hamsin, an jera su fuska da fuska don kada madubai su fashe, ba abin da kake gani sai gefe da baya. Duk kalarsu ɗaya. Wani tsohon kafinta ne kaɗai a bakin rumfar yana goge ƙafar tebur.

"Baba, ina mai gwanjon da ya kawo durowa ɗazu?"

"Wanne? Yau durowa shida aka sauke, 'yata. Kowa sayar da kayan ɗaki yake yi yanzu."

"Mai akori-kura, da ƙarti biyu!"

"Ya koma ɗauko wasu kayan. Makullan na aljihunsa. Lafiya?"

"'Yata na ciki."

Tsohon ya saki abin gugar, ya ɗauki ƙarfen cire ƙusa.

Suka shiga layin suna bugun katako suna kira. Mai Tattabaru ya tsaya a tsakiya ya haɗa hannu a baki, muryarsa na karyewa, "Na gaji! Barkono ta ci! Wallahi kin ci, 'yar Baba, fito!"

Kafinta ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai kwano na ƙara don zafi.

Ba ta amsa ba.

Yaya ta ce a nan ne ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta, amma ƙafafunta ba su tsaya ba. Ta bi durowoyin ɗaya bayan ɗaya tana shafa gefensu na dama, ƙasa-ƙasa. Satin farko na aurenta ta jingina dutsen guga mai zafi a jikin durowar, ya bar tabo baƙi mai siffar dutsen, ta yi kwana uku tana kuka, shekara shida tana rufe shi da kwando. Ta shafa ta goma, ta sha biyar, ta ashirin. Can ƙurya, inda kwanon ya fi sauka, yatsunta suka faɗa cikin tabon.

"Ga ta! Baba, ga ta nan!"

An manna fuskarta da wata durowar, ba ta yadda za a kai ga ƙofa. Mijin ya zaro abin kwance kusoshin waya daga aljihu, ɗan siriri kamar tsinken sakace, ya tsaya yana kallonsa. Kafinta ya ture shi. "Matsa, ɗana. Ta baya ake shiga, bayan durowa falanki ne." Ya soka ƙarfen, ya danna, ƙusoshi suka yi ƙara, falankin ya ɓalle. Wani zafi ya bugo su da warin kafur.

Ɓangaren farko ba kowa. Na tsakiya ba kowa.

Tana na ukun, a dunƙule a ƙasa, gwiwa a ƙirji, gashinta ya manne da goshi, leɓenta ya bushe fari. Yaya ta sunkuce ta, jikin ya tafi laƙwas kamar tsumma, zafi kamar garwashi. Ta kara kunne a ƙirjinta, ba ta jin komai sai bugun nata. Kafinta ne ya sa bayan hannunsa a hancin yarinyar ya ce, "Tana numfashi. Kawo ruwa!" Ya juye musu butarsa a kanta da wuyanta. Abin da ya cece ta, in ji shi, wajen sauke durowar ƙartin sun buga ta da ƙasa, gindin ya tsage kamar faɗin yatsa biyu, kuma daidai tsagar ta sa fuskarta.

Akwai ɗan asibiti a bayan kasuwar, da gudu uban ya kai ta a kafaɗa. Aka sa mata ƙarin ruwa, nas tana ta goga mata jiƙaƙƙen tawul tana yi wa iyayen faɗa. Leda ɗaya ta ƙare, aka sa ta biyu. Wajen la'asar yatsun ƙafarta suka motsa. Ta buɗe ido, ta kalli silin, ta kalli uwarta, ta juya ta kalli ubanta, ta ɓata fuska. Da wata 'yar murya kamar ta sauro ta ce:

"Baba, kai ba ka iya nema ba."

Wallahi ƙaton mutumin nan zama ya yi a ƙasan asibiti yana kuka kamar yaro, nas na cewa ya tashi ya ba mutane hanya.

Yanzu haka Barkono na gida, ta ci ta sha, har ta ciji ɗan yatsan jinjirina wai tana gwada ko na gaske ne! An soke dokar shiru, ubanta da kansa ya ce daga yau ko wa ya kira ta amsa, in ba haka ba ba ta ci ba. Mai gwanjo da ya ji labari ya zo har gida, ya dawo da durowar a motarsa, ya ce shi ba zai iya sake kallonta ba. To ga durowa ba baya, ga ɗaki ba wuri. Kun san inda ta ƙare? A kan bene! Yaya da bakinta ta ce a cire ƙofofin gefe a zuba tattabaru a ciki. Janar ya riga kowa dawowa gida jiya, yanzu yana can gaban ƙofar tsakiya yana faɗa da kansa a madubi. Da safen nan na kama Yaya tana watsa masa hatsi, da ta gan ni sai ta ce wai zubewa ya yi. Salatif kuwa an rubuta mata a bango da alli, kada ta kuma taɓawa ko ya yi baƙi kamar gawayi.

To don Allah duk wadda ta karanta ta tura wa na gaba, musamman waɗanda suka yaɗa zancen farar mota, tun kafin a tare wani bawan Allah a kwana a yi masa dukan banza. Kuma yanzu da kowa ke fitar da kayan ɗaki, in za ki sayar da durowa ko akwati ko firji, ki buɗe kowace ƙofa ki leƙa da idonki, ki ƙirga 'ya'yanki, sannan ki miƙa makulli. Ku tura, ni bari in je, wannan ɗan ya tashi.